Yadda Ake Taka Hanyar West Highland Way Daga Gefen Glasgow Zuwa Gindin Ben Nevis

A tsakiyar layin kantuna na Milngavie, wani ƙaramin gari da ya zama unguwar bayan birnin Glasgow a ƙasar Sikotland, akwai ginshiƙin dutse da masu cefane ke giftawa ta gefensa kullum ba tare da sun ɗaga kai ba. Daga gindin wannan ginshiƙi hanyar ƙafa mai suna West Highland Way ta tashi, ta ratsa gonaki da dazuzzuka, ta bi gaɓar tafkin Lomond, ta haura cikin tsaunukan arewa, har ta dire a garin Fort William da ke gindin Ben Nevis, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Birtaniya, mai mita 1,345. Tsawon hanyar kilomita 154 ne. An buɗe ta a watan Oktoba na 1980, kuma ita ce ta farko cikin dogayen hanyoyin ƙafa da hukuma ta amince da su a Sikotland. Ga ɗalibanmu da likitoci da ma'aikatan jinya da ke zaune a Glasgow ko Edinburgh ko Aberdeen, da wuya a samu doguwar tafiyar ƙafa da ta fi wannan sauƙin shiryawa, domin jirgin ƙasa daga tsakiyar Glasgow zuwa mafarinta bai kai rabin sa'a ba.

Abin da ya kamata mai niyya ya fara sani shi ne cewa tsawon tsaunuka ba shi ne ke kayar da mutane a wannan hanya ba. Wuri mafi bisa da za a taka bai wuce kimanin mita 550 ba, kuma babu inda ake buƙatar igiya ko wata ƙwarewa ta hawan dutse. Waɗanda ke ajiye jaka su hau motar haya a rana ta uku ko ta huɗu, galibi abu biyu ne ke samun su: ƙafar da ta jiƙe ta yi bororo, da kuma rabon kwanakin da aka yi a kan taswira ta hanyar ƙirga kilomita, ba tare da an tambayi irin ƙasar da ke ƙarƙashin kowace kilomita ba.

Lokacin da ya dace

Daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni ne lokacin da ya fi dacewa, sai kuma watan Satumba. A watan Mayu rana tana da tsawo, ruwan sama ya kan ɗan sassauta idan aka kwatanta da sauran watanni, kuma mafi muhimmanci, wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da mutanen wurin ke kira midge ba su gama ƙyanƙyashewa ba tukuna. Waɗannan ƙwari ba sa sa zazzaɓi, amma daga Yuni zuwa Agusta suna fitowa da yawan da zai hana mutum tsayawa ya ɗaure igiyar takalminsa, musamman da sassafe da kuma yamma, a wuri mai laima da iska ba ta kaɗawa. Suna da rauni guda ɗaya, wato ba sa iya tashi idan iska ta ɗan yi ƙarfi, kuma ba sa cim ma wanda ke tafiya. Saboda haka wanda hutunsa ya faɗo a tsakiyar shekara sai ya sayi ragar da ake rufe kai da ita, mai ƙananan idanu ƙwarai, domin ragar sauro ta yau da kullum suna ratsa ta, ya kuma riƙa zaɓar tudu mai iska idan zai zauna cin abinci. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa, sabon shiga ya bar hanyar ga gwanaye, domin a watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga ƙanƙara a rabin hanyar na arewa, masaukai da yawa kuma a rufe suke.

Rabon kwanaki da masauki

Akasarin mutane daga kudu suke farawa su nufi arewa, kuma haka ya fi, domin ƙafa tana samun kwanakin sabo kafin a shiga wuraren da babu kowa, rana da iska kuma sun fi zuwa ta bayan matafiyi. Rabon kwana bakwai da aka saba shi ne: Milngavie zuwa Drymen kilomita 19, Drymen zuwa Rowardennan 24, Rowardennan zuwa Inverarnan kimanin 22, Inverarnan zuwa Tyndrum 19, Tyndrum zuwa Kingshouse kimanin 30, Kingshouse zuwa Kinlochleven 14, sai Kinlochleven zuwa Fort William 24. Wanda ya dubi waɗannan lambobi zai ɗauka rana ta biyar ce mai wuya, alhali ta uku ce, kamar yadda bayani zai zo. Duk da haka, shawarar da ta fi ga wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba ita ce ya yi kwana takwas, ya raba zango na biyar gida biyu ta hanyar kwana a Bridge of Orchy ko Inveroran. Akwai masu gamawa cikin kwana biyar, amma mafi yawansu ƙasan takalminsu kawai suke gani har su isa.

Maganar masauki ita ce ke yanke hukunci a kan rabon kwanaki, ba ƙarfin ƙafa ba. Rowardennan da Inveroran da Kingshouse ba garuruwa ba ne. Kowannensu otal ne guda da 'yan gine-gine a kusa, gadajen kuma ƙidayayyu ne, ana kama su watanni kafin Mayu. Don haka a fara da neman gado a waɗannan wurare uku, idan an samu sai a gina sauran kwanakin a kansu. Idan Kingshouse ya cika, akwai ƙananan ɗakunan katako a wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara na Glencoe da ke kusa, ko kuma a hau bas a gangara ƙauyen Glencoe a kwana, da safe a dawo daidai inda aka tsaya.

Mai tanti yana da 'yanci mai faɗi, domin dokar gyaran mallakar ƙasa ta Sikotland ta 2003 ta ba kowa damar ratsa mafi yawan filaye da kwana a cikinsu, muddin bai yi ɓarna ba. Sai dai akwai togaciya babba: a gaɓar gabas ta tafkin Lomond, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba, an hana kafa tanti sai a sansanonin da aka keɓe ko da takardar izini, kuma tarar saɓa wannan tana iya kaiwa fam 500. Sansanin Sallochy, da ke tsakanin Balmaha da Rowardennan, yana kan hanyar, amma shi ma sai an kama wuri tun da wuri. Wanda ba ya son ɗaukar nauyi yana iya biyan kamfanonin da ke kwasar jakunkuna da mota daga masauki zuwa masauki kowace safiya, shi kuma ya tafi da 'yar jakar yini. Babu abin kunya a cikin wannan, kuma ga mai ciwon gwiwa ko wanda shekaru suka fara ja, shi ne bambancin gamawa da rashin gamawa.

Kaya, da kuma sha'anin ƙafa

Wanda ya tashi da sanyin hunturu ya san sanyi busasshe, wanda ake maganinsa da ƙara riga a kan riga. Sanyin yammacin Sikotland jiƙaƙƙe ne, yana zuwa da yayyafi da iska ko a tsakiyar Yuli, kuma tarin rigunan auduga ba ya maganinsa, ƙara shi yake yi, domin auduga idan ta sha gumi ko ruwa ba ta bushewa, tana manne wa fata tana zuƙe ɗumin jiki. Saboda haka a bar wandon jins da singiletin auduga a gida. A jikin fata a sa rigar ulu mara nauyi ko ta roba mai saurin bushewa, a bisanta rigar ɗumi, sannan a waje rigar ruwa mai hula da wandon ruwa. Ana cirewa ana mayarwa sau da yawa a yini, kuma ƙa'idar ita ce a cire kafin gumi ya karyo, a mayar da zarar an tsaya, tun jiki bai huce ba. Hular sanyi da safar hannu ba su da nauyi, a jefa su cikin jaka ko da an ga rana ta fito. Jakar kanta, komai tsadarta, ruwa yana shigarta idan aka yini ana yayyafi, don haka a shimfiɗa babbar leda mai kauri a ciki, a zuba kayan a cikin ledar, a keɓe kayan barci da safa guda waɗanda ba za a taɓa sa su a hanya ba. Wanda zai goya kayansa duka ya yi ƙoƙari kada nauyin jakar ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa.

Takalmi shi ne abin da ba a yi wa rowa, amma tsada ba ita ce ma'auni ba. A saye shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a gwada shi da irin safar da za a yi tafiyar da ita, a tabbata akwai sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, domin a gangara ƙafa tana zamewa gaba, farce kuma shi ke biyan bashin. Sabon takalmi ba ya zuwa Milngavie. A shafe makonni ana zuwa aiki ko makaranta da shi, sannan a yi gwaji na gaskiya, wato tafiyar kilomita 15 zuwa 20 da jaka cike, kwana biyu a jere, domin rana ta biyu ce ke nuna inda takalmi ke ci da inda igiyar jaka ke gurzar kafaɗa. Mazauna Glasgow suna da filin gwaji a ƙofar gida, domin akwai turba da ke bin kogin Kelvin da rafin Allander daga cikin birni har Milngavie.

Bororo ba ya fitowa kwatsam. Yana farawa ne da ɗan zafi a diddige ko gefen ƙaramin yatsa, wanda mutum zai ce bari ya ƙarasa wancan kwanar tukuna, kafin ya kai kwanar kuwa fata ta riga ta ɗaga. Da zarar an ji wannan zafi, a zauna nan take ko da abokan tafiya sun yi gaba, a cire takalmi, a busar da wurin, a manna filasta mai faɗi ba tare da ta tattare ba. A yanke farce kwana biyu kafin tashi, a tafi da safar ulu aƙalla ƙafa uku, a canza da rana tsaka, a rataya wadda aka cire a bayan jaka idan ba a ruwa. Da dare a zare shimfiɗar cikin takalmi, a cusa masa tsohuwar jarida, kada a kanga shi a jikin na'urar ɗumama ɗaki har fatarsa ta ƙandare. Kowace yamma kuma a duba ƙwauri da bayan gwiwa da ƙugu saboda kaska, wadda ke cikin dogayen ciyayi kuma tana iya sa cutar Lyme. Ana cire ta da ɗan ƙugiyar roba da ake sayarwa a kantin magani, ba da wuta ko mai ba, idan kuma jan zobe ya fito a wurin cizon bayan kwanaki, sai a ga likita.

Sauran kayan ba su da yawa: taswirar takarda da kamfas mai nuna arewa, domin akwai wuraren da waya ba ta samun sabis, tocilan goshi, usur, abin cajin waya, gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi ko biyu, da sandunan tafiya guda biyu waɗanda ke rage wa gwiwa aiki a gangara. Alamar hanyar ita ce hoton furen ƙayar da Sikotland ta ɗauka tambari, a cikin zane mai kusurwa shida, a jikin turakun katako. Idan an yi tafiyar minti ashirin aka wuce mararraba ba a ga wannan alama ba, a tsaya a buɗe taswira.

Abinci da salla

A yi sayayyar guzuri a Glasgow, inda unguwar Pollokshields ke cike da kantunan halal. Dabino da gyaɗa da zabibi da kifin gwangwani da garin hatsin da ake damawa da ruwan zafi sun isa su riƙe mutum tsakanin masaukai. Kada a sa rai da kilishin da wani zai taho da shi daga gida, domin dokar Birtaniya ta hana matafiya shigo da nama daga Najeriya ko Nijar. A kan hanya, yawancin wuraren cin abinci otal ne haɗe da mashaya, kuma karin kumallon da suka saba bayarwa yana ɗauke da naman alade da wani baƙin tsiran da ake yi da jini. Tun lokacin kama ɗaki a faɗa musu cewa abincin marasa cin nama ko kifi ake so. Sun saba da wannan buƙata, ba za su yi mamaki ba.

Alƙibla daga wannan yanki tana kusan digiri 118 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa kudu, kuma kamfas ɗin da ke aljihu ya wadatar. Abin da ke rikita baƙo shi ne lokaci. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Glasgow sai bayan ƙarfe goma na dare, ta kuma fito wajen huɗu da rabi, shafaƙi kuwa ba ya gushewa gaba ɗaya, don haka gara a sauke jadawalin babban masallacin Glasgow a waya kafin a tashi, a kuma tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salloli gwargwadon yadda aka tsara tafiyar. Tsayuwar azahar tana da wata fa'ida ta daban: tunda za a cire takalmi a wanke ƙafa, sai a mai da ita lokacin duba ƙafar, a goge tsakanin yatsu da tawul har su bushe sarai kafin a sa sabuwar safa, domin jiƙaƙƙiyar ƙafa a cikin takalmi ita ce uwar bororo. Wanda buƙatar bayan gida ta kama a daji ya nisanci rafi da aƙalla mita 30, ya haƙa rami ya binne, ya yi tsarki da ruwan gorarsa a can, ba a bakin ruwan da na bayansa za su ɗiba ba. Ruwan rafi kuma, musamman inda tumaki da shanu ke kiwo, a tace shi ko a tafasa kafin a sha.

Hanyar kanta

Mutanen wurin "Malgai" suke furta sunan Milngavie, kuma haka za a ji ana sanarwa a tashar jirgi. Ranar farko tana da yaudara. Ana fita ta bayan kantuna, a bi rafin Allander tare da masu yawo da karnuka, a ratsa dajin Mugdock, a wuce tafkin Craigallian da bukkokin katako na Carbeth, sannan a hau tsohon layin dogo da aka cire ƙarafansa, shimfiɗaɗɗe kamar titi. Jiki na da ƙarfi, hanya na da laushi, sai mutum ya saki ƙafa, gobe kuma ya tashi da tsamin cinya. A yi ta a hankali da gangan. A riƙe 'yan sulalla, domin manoma kan ajiye akwati ko firji a bakin shinge da lemo da biredi mai zaƙi, babu mai tsaro, mutum ya ɗauka ya jefa kuɗin a gwangwani. Duk ƙyauren shingen da aka tarar a rufe, a mayar da shi a rufe.

Rana ta biyu ana hawan Conic Hill, tudu mai mita 361, wanda ke zaune a kan tsagewar ƙasar da ta raba tsaunukan Sikotland da shimfiɗaɗɗiyar ƙasarta ta kudu. Daga kafaɗarsa ana ganin tsibiran tafkin Lomond sun jeru a layi ɗaya, suna bin wannan tsagewa, kuma nan ne matafiyi ke fara gane cewa ya bar birni. Gangarar zuwa Balmaha matakalar dutse ce mai tsayi, a yi amfani da sanduna. Kilomita 11 da suka rage zuwa Rowardennan a taswira kamar shimfiɗe suke, amma hawa da sauka ne ƙanana marasa ƙarewa, don haka kada a daɗe a shagon shayin Balmaha.

Rana ta uku ce ke buƙatar a tashi da wuri. Jim kaɗan bayan Rowardennan, a gindin Ben Lomond mai mita 974, hanya ta rabu biyu: ta sama faffaɗar hanyar motar daji ce mai sauƙi, ta ƙasa kuma tana bin bakin ruwa, ta fi kyau, ta fi cin lokaci. Sabon shiga mai jaka mai nauyi ya bi ta sama, ya adana ƙarfinsa, domin abin da ke jiransa bayan otal ɗin Inversnaid ba shi da zaɓi. Daga nan, tsawon kimanin kilomita 5 zuwa 6, turbar ta matse tsakanin tafki da gangaren dutse, saiwoyin itace sun miƙe a kanta kamar an saƙa, ga manyan duwatsu masu gansakuka da sai an dafa da hannu, wani wurin ma sai an juya jaka gefe kafin a kurɗa tsakanin itace da dutse. Mai yin kilomita 4 a sa'a a nan da ƙyar zai yi 2. Kada a taka jiƙaƙƙiyar saiwa a tsakiyarta, a tsallake ta ko a sa ƙafa a ƙasar da ke gefenta, a kuma cire hannu daga igiyar sanda don kada ta riƙe mutum idan ya zame. Sau da yawa warin awakin daji da ke zaune a wannan gaɓa yana riga ganinsu isowa. Akwai bukkokin dutse biyu a wannan zango, Rowchoish da Doune, a buɗe suke ga kowa kyauta, amma babu komai a ciki sai rufi da dandamalin kwanciya. Wanda ƙafarsa ta gaza yana da mafita a Ardleish, kusa da ƙarshen tafkin, inda a watannin da masu tafiya ke da yawa ake ɗaga ƙwallo a jikin sanda, mai jirgin fito ya hango daga Ardlui ya zo ya ɗauke shi, a can kuma akwai tashar jirgin ƙasa.

Bayan wannan, rana ta huɗu hutu ce. Ana bin kwarin Falloch, a sunkuya a ratsa wata 'yar ƙofar tumaki a ƙarƙashin layin dogo, a kai mararrabar Crianlarich wadda ita ce kusan rabin tafiya, sannan a gangara Tyndrum. A nan dole a cika jaka, domin daga Tyndrum babu wani kantin cefane sai Kinlochleven, tazarar kimanin kilomita 45.

Daga Tyndrum hanya ta buɗe, tana bin gindin Beinn Dorain zuwa Bridge of Orchy, ta haye wani tudu ta sauka Inveroran, sannan ta shiga Rannoch Moor, makeken fili na dausayi da ƙananan tafkuna wanda babu gida ko itacen fakewa a cikinsa. A da burtali ne da makiyaya ke koro shanu ta cikinsa zuwa kasuwannin kudu, hanyar da ake takawa yanzu kuwa ta zamanin injiniya Thomas Telford ce, a farkon ƙarni na 19, kuma ita ce babbar hanyar yankin har farkon shekarun 1930. Daɓen duwatsunta yana dukan tafin ƙafa, amma ɓata yana da wuya muddin ba a sauka daga kanta ba, kuma ko hazo ya rufe kada a sauka, domin gefenta taɓo ne mai zurfi. Haɗarin wurin iska ce da ruwa. Kafin a bar Inveroran a duba hasashen yanayin tsaunuka, a sa kayan ruwa tun ba a jiƙe ba, a zuba abin taunawa a aljihu don kada a tsaya buɗe jaka. Idan abokin tafiya ya fara karkarwar da ba ta tsayawa, maganarsa ta soma sarƙewa, yana tuntuɓe ba dalili, sanyi ne ya ratsa shi: a kare shi daga iska, a canza masa jiƙaƙƙun kaya, a ba shi abu mai zaƙi, idan bai farfaɗo ba a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce masu ceto a tsauni ake buƙata.

Daga Kingshouse, inda tsaunin Buachaille Etive Mòr ya tokare bakin kwarin Glencoe, ana bin gefen titi zuwa Altnafeadh a fara hawan Devil's Staircase, wani yanki na hanyar da sojoji suka gina wajen 1750. Sunansa ya fi shi ban tsoro, domin hawan kimanin mita 250 ne a karkace, wanda mai matsakaicin ƙarfi zai gama cikin ƙasa da sa'a guda. Gangarar ce ke da aiki, tunda daga mita 550 za a sauka har kusan bakin teku a Kinlochleven, ƙarshenta a gefen manyan bututun ruwan da aka shimfiɗa don masana'antar alminiyon da ta yi aiki a garin daga 1909 zuwa 2000. A ƙara ɗaure igiyar takalmi a ƙoli kafin a fara sauka, a kuma taƙaita taku.

Ranar ƙarshe tana farawa da hawa mai tsayi ta cikin daji, sannan a shiga dogon kwarin Lairigmor, inda babu mafaka sai kufan gidajen makiyaya, babu kuma inda za a sayi ko ruwa har Glen Nevis. Bayan Ben Nevis ya bayyana a gaba, sauran tafiyar gangara ce ta hanyar daji, sai kilomitoci na ƙarshe a kan kwalta, waɗanda gajiyayyiyar ƙafa ta fi jin zafinsu. Kada a tsaya a tsohon allon da ke shataletalen shiga gari. Tun 2010 ƙarshen hanyar ya koma dandalin Gordon, a can ƙarshen layin kantuna, inda aka girke mutum-mutumin wani matafiyi zaune a benci yana murza ƙafarsa.

Da yawa kan yi sha'awar ƙarawa da hawan Ben Nevis washegari. Wannan aiki ne daban, domin daga kusan bakin teku ake farawa, zuwa da dawowa yana cin sa'a bakwai zuwa tara, ƙolin kuma ya kan kasance cikin hazo da ragowar ƙanƙara har farkon Yuni, ga ramuka masu zurfi a gefen arewa. Wanda ya nace sai ya huta kwana guda, ya jira hasashe mai kyau, ya tafi da wanda ya iya aiki da kamfas. Jirgin ƙasa daga Fort William zuwa tashar Queen Street ta Glasgow yana ɗaukar kusan sa'a huɗu, ga shi ba ya tashi sai 'yan lokuta a yini, saboda haka a sayi tikitin komawa tun kafin a bar gida, a kuma bar tazarar kwana guda tsakanin isowa da ranar komawa aiki.